Asibitin da Na Zaɓa wa Ado

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ko a mota kika buɗe ta ko sai da kika sauka Doguwa. Na ce wa mahaifiyarki ta cusa ta kusa da ƙullin kuka da daddawa, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Allah ya tsare ki a hanya, ya sa ki shiga garin da ƙafar dama.

Ki yi haƙuri da rubutun. Ni allo na yi, bokon nan kuwa a waya na tsince shi, harafi ɗaya yau, ɗaya gobe. In kin ga layi ya karkace kamar sawun kaza, ki bi shi a hankali, zai kai ki.

Kin san ni da baki. Duk bakin ruwan Tiga ba wanda ban taɓa tsokana ba, har mai unguwa. Amma ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata Inna kike ɗauke da shi, shi ya sa in na zo gabanki bakin nan yake mutuwa. Da wuri aka yi mini aure, da wuri Allah ya ba ni ke, har ranar da na raka ki makarantar koyon aikin lafiya mai gadi ya ce, "Yayanta, tsaya daga waje." Ban gyara masa ba. Na ji daɗi ma. To yau dai ubanki ne yake magana.

Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana. 'Yar masunci za ta zauna a tebur tana yi wa mutane rajistar katin inshorar lafiya. Da na ji aikin da aka ba ki na yi hamdala. Da na ji garin da aka tura ki sai da na nemi wuri na zauna. Kin sha tambayar mahaifiyarki me ya sa Baba Ado yake ce mini "Malam Habu", alhali kowa ya san taubashina ne, iyayenmu wa da ƙanwa. Kin girma kina jin yana kirana "bawana" ina kiransa "Angon Doguwa", sai rana ɗaya abin ya ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Damina huɗu ke nan. Amsar tana kan irin teburin da za ki zauna, don haka gara ki ji daga bakina.

Bari in fara da ƙaramin laifi, in ɗumama.

Lokacin da maganar katin nan ta fara zuwa mana, aka ce za a zo rajista a makarantar firamare. Ba wanda ya san yadda abin yake. Ni kuwa da yamma a wurin gyaran koma na gyara murya na ce ai ba a cin komai kafin a je, kamar gwajin jini, in ba haka ba na'ura ba za ta ɗauki hoton mutum ba. Na faɗa na manta. Washegari na tarar da dattawa a layi, leɓe ya bushe, har la'asar ba wanda ya sa ko ruwa a bakinsa. Mai ƙosan da ta kafa kaskonta a ƙofar makaranta ta kwashe kayanta ta tafi tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro kati. Na yi dariya a ranar. Da na koma gida na tarar Inna ma da azumin ta je, ga ta da ciwon ciki, sai dariyar ta koma mini kunya.

Uwata, ni da ba kowa ba na faɗi magana aka bi, don kawai na faɗe ta da murya irin ta wanda ya sani. Ke kuwa kina bayan tebur, da farin hijabi da na'ura a gabanki. Duk abin da ya fito daga bakinki doka ne a wurin mutanen ƙauye. Abin da doka ba ta ce ba, kada ki ƙara mata. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, za ki tambayo.

Kuma ki san abin da katin nan yake ci a wurin talaka. Ba kuɗin da aka rubuta a takarda ba ne kaɗai. Inna sau uku muka kai ta. Zuwan farko aka ce sai da lambar katin ɗan ƙasa. Muka hau acaɓa har Bebeji muka samo. Zuwa na biyu aka ce ai da hoto ake zuwa. Na uku na'ura ta ƙi karɓar yatsanta, don wankin kifi da kaushin koma sun cinye zanen. Kowane zuwa wuni guda ne ban shiga ruwa ba, kifi kuwa ba ya jiran mai cike takarda. Sannan aka tambaye ta garin haihuwa. Ta faɗi sunan tsohon garinmu. Yaron da ke teburin ya duba ya duba, ya ce babu shi a na'ura. Inna ta nuna masa dam ta taga ta ce, "Ga shi can a ƙasa, ɗan nan. Har da rimin ƙofar gidanmu." Allah ya yi wa yaron nan albarka, bai yi gardama ba. Ya rubuta Tiga ya ce, "Inna, ruwan ma ai na Tiga ne."

Don haka duk wanda ya zo gabanki, ki faɗa masa dukkan abin da ake bukata a zuwan farko, ki lissafa masa a yatsu, ki sa ya maimaita. Mutanen Doguwa manoma ne, wasu daga bayan duwatsu za su taho. Wanda kika ce wa "dawo gobe" a tsakiyar noma, kin cire masa kunya goma daga gonarsa. In yatsa ya ƙi, akwai sauran tara. Jaki bai cika ƙin kaya ba, mugun ɗauri yake ƙi.

To yanzu ga babban.

A ranar da aka yi wa masunta rajista, ni da Ado muna layi ɗaya. An ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, an rubuta matarsa Larai. Sai aka aiko cewa mai sayen kifinsa ya iso da mota. Ya dafa ni ya ce, "Bawana, ƙarasa mini sauran, kada ka ci amanar ubangidanka." Ya fita da gudu. Ma'aikacin ya gaji, gumi har wuya, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wane asibiti ya zaɓa?"

Kin san asalin sunan Angon Doguwa? Tun muna samari Ado ya je neman aure can, ya sha wanka da turare, aka sallamo shi da rake sanda biyu. Shekara da shekaru ina cin wannan rake a kansa. To da aka yi tambayar nan sai shaiɗan ya zauna mini a harshe. Na ce, "Na Doguwa. Can surukansa suke." Ma'aikacin ya danna. Shi ke nan.

Niyyata in kati ya fito in sa a karanta masa a gaban jama'a, a yi dariya, in raka shi a gyara. Kati ya fito. Ado ba ya karanta boko, ya sa shi a leda ya adana a akwatin Larai. Na ce bari in jira taron da ya fi wannan cika. Taro ya zo ya wuce, na ce sai na gaba. Larai ta samu ciki, tana zuwa awo a asibitinmu na nan, ba wanda ya nemi kati. Ni kuwa maganar ta nutse mini kamar dutse a dam.

Wata safiya da damina, ina fitowa daga ruwa, na ga mata a tsaye ƙofar gidan Ado. Larai tana naƙuda tun asuba, unguwarzoma ta ce ɗa ya zo a gicciye, sai an kai ta babban asibiti an yi mata aiki. Muka sa ta a mota, ni ina bin su a baya da babur ɗin aro. A hanya Ado yana leƙowa ta taga yana ɗaga mini ledar katin, wai in kwantar da hankalina.

A teburin asibitin wata ma'aikaciya ta karɓi katin ta duba. Ta ce katin yana da kyau, amma ƙa'ida sai asibitin da mai kati ya zaɓa ya turo shi da takarda, sannan kati ya ɗauki nauyin aiki. Ado ya ce ai daga can muke. Ta ce, "A'a, Malam. Nan an rubuta Doguwa."

Ado ya juyo ya dube ni. Uwata, ga kuskurena na uku, kuma ya fi na biyu muni. Na ce, "Na'urorin nan ai haka suke, sai su haɗa sunan wani da garin wani." Ya yarda. Ko a fuska bai yi shakka ba. Ma'aikaciyar ta ce likita ba zai jira takarda ba, amma kayan aikin sai an saya yanzu. Na ce wa Ado ya ba ni katin, zan je in karɓo takardar. Ban tsaya jin amsarsa ba.

Hanyar da za ki bi yau ita na bi. Na fita titin Kano, na karya a Kwanar Dangora, na wuce Tudun Wada ruwa yana dukana. Da na shiga dajin Falgore babu kowa sai ni sai birai a gefen titi suna kallona, na ce ko su sun san abin da na yi. Duk surar da na haddace a allo sai da na karanta ta, wasu sau biyu. Ina roƙon Allah abu ɗaya: kada wasana ya zama ajalin Larai.

Bayan azahar na isa. Asibitin ƙarami ne, na samu wani dattijo a teburin kati yana cin dafaffiyar masara, sunansa Malam Isiyaku. Na miƙa masa kati. Ya duba ya ce, "Ina mara lafiyar?" Na faɗa masa. Ya ce a ƙa'ida sai sun ga mutum da idonsu kafin su tura shi gaba. Sannan ya ce, "Mutumin Tiga da asibitin Doguwa. Yaya aka yi haka?"

Na buɗe baki zan sake ɗora wa na'ura, sai na kasa. Na faɗa masa komai, har raken. Bai yi dariya ba, bai kuma zage ni ba. Ya ajiye masarar, ya goge hannu, ya jawo wani littafi da gefensa ya sha hannu, ya bi layi da yatsa har ƙasan shafi. Ya ce, "Ɗana, wanda ya gina dokar nan ya bar ƙofa saboda gaggawa. Mutane ne ba sa karantawa har ƙasa." Ya kira shugabar asibitin ya yi mata bayani. Ya nemo lambar wancan asibiti, ya kira da wayarsa, da kuɗinsa, ya tsaya a kai har aka haɗa shi da mai teburin. Suka yi magana, ya karanta mata wata lamba, ta maimaita. Abin da na yi tafiyar rabin wuni dominsa, kafin masararsa ta huce an gama shi.

A wayar nan tasa na ji cewa an fito da Larai, ita da ɗa namiji, duk suna numfashi. Na durƙusa a simintin ofishin mutane na yi sujada da jiƙaƙƙun kaya. Malam Isiyaku ya ɓare rabin masararsa ya ba ni. Ya ciro fam na sauya asibiti ya cike da hannunsa, ya ce Ado ya dangwala kawai, shi zai bi sauran. Da zan tafi ya ce, "Ni ka faɗa wa gaskiya, amma ba ni ka cuta ba."

Da na dawo na tarar da abin da ban sani ba. Ado bai iya jira ba, kuma wa zai ce ya jira? Tun ina Tudun Wada ya kira mai sayen kifinsa ya sayar masa da kwalekwalensa, aka sayi kayan aiki. Katin ya ɗauki magani da kwanakin gado, alhamdu lillahi, amma kwalekwale ya tafi. Wanda ubansa ya bar masa ne, da shi suka fara su a dam ɗin nan bayan an taso su.

Kwana shida ina ɗauke da maganar kamar ƙaya a maƙoshi. Ana gobe suna, da hantsi, na same shi yana gyara rumfa na faɗa masa. Na so ya mare ni. Na so ya tara mini jama'a. Ya ƙulle igiyar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Malam Habu." Na ce ya ɗauki kwalekwalena. Ya ce, "Na gode, Malam Habu, riƙe abinka." Washegari aka raɗa wa yaro suna Isiyaku, sunan mutumin da Ado bai taɓa gani ba.

Tun daga ranar bai fasa gaishe ni ba. Bai fasa zuwa duba Inna ba har ta rasu, shi ya shiga kabarinta tare da ni. Amma ya shiga girmama ni, kuma wallahi ban san akwai bulala mai zafin girmamawar taubashi ba. In na shigo majalisa sai ya gyara mini tabarma. Watan cika-ciki ya zo sau huɗu bai leƙo neman kuɗin shara irin na taubasai ba. Yana shiga ruwa a kwalekwalen wasu ana raba kamu, yana kuma noman rani a bakin kanal ɗin ban-ruwa, bai taɓa kai ƙarata wurin kowa ba.

Ga abin da nake so ki ɗauka. Kada ki karɓi amsa daga bakin ɗan rakiya, ko da ya rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mai kati shi za ki tambaya, in kin gama ki karanta masa abin da kika rubuta da Hausa, musamman sunan asibiti, ki tambaye shi ko ya san hanyarsa da nisansa. Da an yi wa Ado haka, da wasana ya mutu a teburin. In kin yi kuskure ki faɗa tun yana ɗanye, kada ki ɗora wa na'ura, ita ba ta da bakin kare kanta. Littafin ƙa'idar da za a ba ki kuwa ki karanta shi har ƙasan shafi. Ban ce ki karya doka ba, ko don ni. Dokar nan alheri ce, na gani da idona ranar da aka sallami Larai da ledar magani ba a ce ta kawo ko sisi ba. Cewa na yi ki san inda ƙofofinta suke, don mai gaggawa ba ya ganin ƙofa, sai an kama hannunsa.

In kuma kika ga wata ƙa'ida tana ta kayar da mutane a wuri ɗaya, ki faɗa wa na sama da ke, cikin ladabi, ki sake faɗa. Su suna ofis a birni, ba su san yatsan masunci ba, ba su san manomi da kaka yake da kuɗi ba. Wani ne ya yi ta faɗa har aka fara kawo mana rajista bakin ruwa maimakon mu bar sana'a mu bi layi. Ban san ko wane ne ba, amma ina sa shi a addu'a.

Ban iya rufe takardar nan jiya ba, kuma ashe da dalili. Da yamma kina wurin sallama da ƙawayenki, ina zaune a ƙofar gida, sai ga Ado da ƙunshin bandar tarwaɗa guda biyu. Ya ce ɗaya naki, ɗaya ki kai wa Malam Isiyaku in yana nan, ki ce daga takwaransa. Na ce to. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, ya ce, "Ashe Doguwa aka tura ta." Na ce Doguwa. Ya ce, "To ka ce mata ta gaishe mini da asibitina." Na sunkuyar da kai, ban san inda maganar ta nufa ba. Sai ya ɗaga murya yadda duk masu fitowa daga masallaci za su ji, ya ce, "Kuma ka faɗa mata, ranar da katin bawan nan nawa ya zo sabuntawa, ta zaɓa masa asibitin tsohon gari. Ya nutsa ya karɓo takarda, tunda ya iya tafiya."

Mutane suka fashe da dariya. Ni kuwa, mai bakin Tiga, sai ga hawaye. Na ce hayaƙin bandar ne ya shiga mini ido. Ya ce, "Bandar da aka sauke tun shekaranjiya? Tashi ka ɗauko wa ubangidanka tabarma." Na tashi na ɗauko. Ban taɓa jin daɗin aike irin wannan ba.

Saboda haka ƙunshin da aka ɗaure da jan zare ba naki ba ne, kada ki kuskura ki taɓa shi ko miyarki ta rasa kifi. Ki kai shi da hannunki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce 'yar mai labarin raken nan ce. In ya yi ritaya ki nemi gidansa. In kuma Allah ya yi masa rasuwa ki ba iyalinsa, ki roƙa masa gafara a madadina.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. An ce garin da sanyi, ki riƙa rufe ƙirjinki. Ki kira mahaifiyarki kina sauka, don ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum, ya sa teburinki ya zama inuwa ga duk wanda ya zo da rana a ka. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Habu, bawan Angon Doguwa.